Ranar Ƙirga Ciyawar Ulmeasa

Sana'ar Ilinca ƙirga ciyawa. Haka mahaifinta yake gaya wa duk wanda ya tambaye shi abin da 'yarsa take yi a birni, kuma bai yi ƙarya ba, yadda yake faɗin abin ne kawai yake sa mutane dariya. Shekararta goma sha tara a ofishin muhalli na gunduma. Idan kamfani ya gama haƙar kwal a wuri, doka ta ce ya cike ramin, ya shimfiɗa ƙasa, ya shuka ciyawa. Tun kafin ya fara haƙa sai ya ajiye wa gwamnati kuɗi masu kauri a matsayin jingina, kuma ba ya sake ganin ko sisi a cikinsu sai ranar da irin su Ilinca suka zo suka shaida ƙasar ta farfaɗo.

Aikin ba wuya, sai dai gajiya. Akan kafa fegi talatin a cikin fili. A gindin kowane fegi takan juya baya, ta jefa wani firam na ƙarfe mai faɗin mita ɗaya ta saman kafaɗarta, don kada ido ya zaɓi inda ya fi kore. Inda ya faɗi nan za ta ɗauki hoto da wayar ofis, hoton ya wuce kai tsaye ma'aikatarsu a Bukares, babban birnin ƙasar, da rana da wuri a jikinsa, sannan ta durƙusa ta ƙirga. Abu uku ake nema: tsiro ya rufe kashi saba'in cikin ɗari na ƙasa, a samu aƙalla iri goma sha biyu da suka fito don kansu ba shuka su aka yi ba, kuma a yi shekara uku a jere lauje bai shiga ba, dabba ba ta sa baki ba. In an taɓa filin, lissafin shekarun ya koma farko. Wanda ya rubuta wannan doka, da gani ka san bai taɓa zama a ƙauye ba.

Filin da za ta auna a wannan bazarar kuwa nan ne aka binne cibiyarta. Tana da shekara bakwai mahaƙar ta cinye Ulmeasa, da gidajen, da cocin, da itatuwan. Aka kwashe mutane zuwa wasu gidajen siminti a bakin titi aka ce musu ga sabuwar Ulmeasa, aka tono ƙasusuwan iyayensu aka biyo su da su a cikin akwatuna. Mahaifinta Gligore bai yi gardama da kowa ba. Ya nemi aiki a mahaƙar, ya yi shekara ashirin da bakwai yana shaƙar ƙurarta, ya fito da 'yar fansho da tari. Yanzu an cike ramin, kuma an yi alkawari a rubuce: ranar da aka sakar wa kamfani jinginarsa, kadada goma sha biyun farko za su koma hannun ƙauye, a raba wa tsofaffin gidaje. Rabon Gligore rabin kadada ne. Ba gini zai yi ba. So yake ya riƙe takardar a hannunsa, ya ɗaure awakinsa biyu a ƙasar da take tasa, ya dasa 'yan itatuwa. Shekararsa tamanin da uku.

A watan Mayu likita ya tsayar da Ilinca a barandar asibiti ya ce mata huhun tsohon ya ƙare, in ya ga ƙarshen sanyi mai zuwa to a gode wa Allah. Ta ce ta gode, ta sauka ta biya kuɗin ajiye mota, ta koma ofis ta ƙarasa rahoton da ta bari. Ta yi ta jiran kuka bai zo ba. Tun daga ranar komai ya zame mata ɗaya, ko miya ta yi gishiri ko ba ta yi ba ci take yi. Abu ɗaya ne take riƙe da shi kamar mai riƙe da tikitin mota, shi ne ranar awo. Farkon Yuni ta je filin ita kaɗai ta zagaya, ta ƙirga iri goma sha tara. Ruwa ya yi kyau a bana, ciyawa har ƙugu. Filin zai wuce, babu tantama. A ofis ba wanda ya ce mata ai ƙauyenku ne, sunan tsohon mijinta take amsawa, kuma su uku ne kacal, ita kaɗai ta san ciyawa.

Ranar ashirin ga Yuni aka sa. Sai motar ofis ta ƙi tashi, sai wani babba a kamfani ya tafi hutu, aka ɗaga zuwa Alhamis uku ga Yuli. Ta kira mahaifinta.

"Baba, an ɗaga. Sai Alhamis ta sama."

"Da manya za ku zo?"

"Da injiniyan kamfani."

"To," in ji shi, ya yi tari, ya ajiye waya. Hirarsu dama ba ta wuce haka.

Ranar Alhamis da sassafe ta shiga motar Injiniya Paraschiv, mutumin da kamfani ya ɗora wa gyaran filin. Gajere ne mai tumbi, wata shida ya rage masa ya yi ritaya, kuma tun daga birni har suka bar kwalta bai daina ba ta labarin tsakuwar da ke ƙodarsa ba. Ilinca tana cewa "uhm" a inda ya kamata. Gilashinta a buɗe yake, shi ya sa hancinta ya riga idonta. Ƙamshin ciyawar da aka yanke tana shan rana, wanda duk ɗan ƙauye zai gane ko cikin barci. Ta ce a ranta na wani filin ne, alhali ta san babu wani fili a nan.

Ƙofar shingen a buɗe take. Paraschiv ya taka birki a tsakiyar maganar ƙoda.

An aske filin tas, daga shinge zuwa shinge. Ciyawar tana kwance layi-layi, an riga an ɗaga tari uku na ingirici, kowanne da sandarsa a tsakiya. Fegin nan talatin suna tsaye tsirara, an bi kowanne an share gindinsa da kyau. Can ƙarƙashin rumfar maigadi an shimfiɗa farin ƙyalle a kan dogon tebur, ga mutane sun fi ashirin, tsofaffi cikin kayan zuwa coci, da 'ya'yansu da suka dawo hutu daga Italiya, fuskoki duk rana ta ƙona.

To, laifin wa? Kafin idin coci na Bitrus da Bulus ba mai ɗaga lauje a Ulmeasa, da an zo ranar ashirin da an tarar da komai a tsaye. Idi ya faɗo ranar Lahadi. Daga Litinin kuwa, ciyawar da ta kai ƙugu aka bar ta tsaye abin kunya ce, alamar gidan ya mutu ko mazansa mashaya ne. Shekarun baya ciyawar ba ta kai idon sawu ba, ba wanda ya kalle ta. Bana ta yi kyau, ga baƙi za su zo duba ƙasa. Allon da ke bakin ƙofa cewa ya yi an hana lalata tsirrai. Ka je ka ce wa ɗan Ulmeasa yanka lalatawa ne, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Paraschiv ya fito ko murfin mota bai rufe ba, ya nufi maigadi, wani dogon tsoho mai suna Titu, wanda har yanzu dutsen wasa lauje yana rataye a ƙugunsa.

"Titu! Kai Titu! Gadi aka ɗauke ka ko aski?"

"Ranka ya daɗe, ai ba a ɗauki ko tsinke ba. Duk ga shi nan, ƙirga ka gani."

Gwaggo Veta, ƙanwar marigayiya uwar Ilinca, ta taho da burodi da gishiri a faranti kamar yadda ake tarbar baƙo na mutunci. Ta ga injiniya ya wuce ta fuu, sai ta juyo wajen Ilinca.

"Wannan kuma ko gaisuwa babu? Ke ungo, gutsura. Dubi yadda kika koma, kamar sandar manjagara. A birnin naku ba a dafa abinci ne?"

Ilinca ta gutsura, ta dangwali gishiri, ta ci.

"Kwana uku muka yi," in ji Gwaggo Veta. "Tun raɓa ba ta bushe ba. Ƙayar nan duk mun tumɓuke ta da hannu, dubi tafina. Muka ce 'yarmu za ta zo da manyanta, a tarar da wuri kamar kufai? Ubanki ne ya fara layin farko. Mun ce ya zauna, ya ce sai dai in ya zama gawa."

Gligore yana can zaune a kan bokitin da aka kife, lauje mai doguwar ƙota a kan cinyarsa, ya sa farar rigarsa ta idi, kafaɗunsa suna hawa suna sauka da kowane numfashi. Ya ɗaga mata hula. Ita ma ta ɗaga masa hannu.

Abin da ya biyo baya, ita kanta ba za ta iya cewa ta yanke shawarar yinsa ba. Ba ta ji faɗuwar gaba ba, ba ta ji haushi ba. Kanta fayau yake, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ta buɗe bayan mota ta ɗauko firam da waya, domin abin da take yi ke nan idan ta iso fili. Ta taka zuwa fegi na ɗaya. Ta juya baya, ta jefa, ta ji ƙarar faɗuwarsa a kan kututturen ciyawa. Ta je ta tsaya a kansa, ta saita, ta danna. Wayar ta yi ɗan ƙararta na cewa saƙo ya isa. Ta durƙusa, tana duban guntayen da ba su fi tsawon yatsa ba, babu fure, babu kai, ba mai iya cewa wannan wane ne.

Tana durƙushe Paraschiv ya iso yana haki, ya rage murya.

"Tsaya, Malama Ilinca, tsaya. Na samo dabara. Yau ba mu zo ba. Kin gane? Ƙodata ta tashi a hanya, kowa ya san da ita. A ɗaga zuwa ƙarshen Satumba. Kafin nan sabon toho ya taso, su kwashe tarin nan cikin satin nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ba za ki samu sha tara ba, amma sha biyu ai za ki samu, ko?"

Ta yi lissafi a ranta. Za a samu. Da ƙyar, amma za a samu. Dabara ce mai kyau, kuma da ya zo da ita minti biyu da suka wuce da ta karɓa hannu bibbiyu, ba ta ko tsaya tunanin shekarunta goma sha tara na aiki ba ƙarya ba.

Ta miƙa masa wayar. Ya kalli hoton, ƙasa a aske, layin ingirici ya fito ɓaro-ɓaro a gefe, ga rana ga wuri a rubuce a ƙasansa.

"Goge shi."

"Ya tafi."

"Kira su ki ce kuskure ne."

"Kuskuren me? Ga lambar fegin nan a ciki."

Ya daɗe yana kallonta, bakinsa a buɗe. "Ke wace irin mace ce? Ba ki ga filin ba ne da muka shigo?"

"Na gani."

"To me ya sa?"

"Ban sani ba," in ji ta, kuma iyakar gaskiyarta ke nan.

Ya zauna daɓas a kan layin ciyawa, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Ilinca ta ɗauki firam ta wuce fegi na biyu. Tunda na ɗaya ya tafi sauran ba su da amfani, amma takardar gida talatin gare ta, kuma ba ta san wani abin da za ta yi da hannuwanta ba. Ta jefa, ta danna, ta rubuta an yanke. Ta jefa, ta danna, ta rubuta an yanke. Mutanen ƙauye suna daga inuwa suna kallo, duk sanda ta jefa sai wani ya yi shewa ya ce saura ƙiris ta samu kan Titu. Wajen fegi na sha bakwai ta tsaya ta tona layin ciyawar da ƙafa. Duk tsirran suna nan a ciki, sun fara yaushi: wanda suke kira sanziene mai rawayan fure, da mai shuɗin nan da ke buɗewa da safe, da 'yar ƙaramar mai ƙamshi da uwarta take sawa a shayi. Ba ta yi niyyar ƙirgawa ba, bakinta ne ya ƙirga. Ashirin da ɗaya. Biyu sun ƙaru tun Yuni.

Rana ta take tsaka ta gama. Aka zaunar da ita a kan tebur kusa da mahaifinta, aka tura mata mamaliga, tuwonsu na masara, da cuku da albasa, aka zuba tsuika, barasar da suke yi a gida, a ƙananan kofuna. Paraschiv ya shanye nasa a kurɓi ɗaya, ƙoda ko oho, ya miƙa a ƙara.

"To, ranki ya daɗe mai ƙirga ciyawa," in ji Gligore, yana magana yana tsayawa neman iska. "Nawa muka ci? Ko sai mun ba da kaza?"

Aka yi dariya. Ilinca ta haɗiye lomar da ke bakinta.

"Baba, ba a yarda a yanke ta ba. Doka ta ce a bar ta tsaye shekara uku. In an yanke, sai a sake daga farko."

Ba ta sassauta ba, ba ta ƙara ba, muryarta irin ta karanta rahoto ce. 

"Wace irin doka ce wannan?" in ji Gwaggo Veta. "A bar ciyawa ta ruɓe a tsaye? Wane ɗan iskan ne ya rubuta? Ke kuma da bakinki, ba ki iya cewa kada ku taɓa ba? Waya ce babu ko kuɗin kira?"

"Ban faɗa ba."

"Ba ki faɗa ba! Ku ji ta fa, kamar ba ita ba. Kwana uku ubanki yana jan lauje yana tofar da jini a bayan tari don kada mu gani, ke kuma ba ki faɗa ba!"

"Veta," in ji Gligore. "Ya isa. Ni na tambaye ta ne? Shekara nawa ina cewa ƙirga take yi, ban taɓa cewa ƙirga me ba."

Gwaggo Veta ta ja ƙyallen kanta ta toshe baki, ta tashi ta koma bayan rumfa. Samarin Italiya suka shiga zagin kamfani da gwamnati da duk wanda ya haife su, Paraschiv yana gyaɗa kai yana taya su. Ilinca tana jin su kamar rediyon maƙwabta. Ta san ya kamata wani abu ya tsinke a ƙirjinta yanzu, ta saurara, ba ta ji komai ba sai nauyin abincin da ta ci. Wannan rashin jin ne ya ba ta tsoro, shi ma kaɗan.

Tsohon ya juya kofinsa a kan ƙyalle, bai sha ba.

"Daga yau ake ƙirgawa, ko daga baɗi?"

"Daga yau."

"Uku."

"Uku."

Ya dubi filin, daga wannan shinge zuwa wancan, a hankali, irin duban wanda ya gama aiki yana neman inda ya bari. Babu inda ya bari.

"Amma tana da kyau? Kafin mu yanke."

"Iri ashirin da ɗaya. Sha biyu ake nema."

"Ashirin da ɗaya," ya maimaita, har ya ɗan yi murmushi. "A kan ramin nan."

Ya dafa tebur zai tashi, ta kama masa gwiwar hannu, ta ji babu komai a cikin rigar sai ƙashi. Ya ce hadari yana haɗuwa ta yamma, sauran layukan in ruwa ya dake su sun tashi a banza, a zo a tara. Mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukar manjagara, da kayan cocinsu da komai, domin ko me doka ta ce ba a barin ingirici ya jiƙe. Ilinca ta raka shi har bakin layin farko. Nan ya tsaya, ya jingina da ƙotar lauje, ya jira numfashinsa ya dawo.

"Ilinca."

"Na'am, Baba."

"In shekarar ta zo, kada ki yi waya. Ki zo da kanki tun kafin idi, ki zauna a bakin ƙofar nan. Mutanen nan na san su. Za su ga ta kai ƙugu, hannunsu zai yi ƙaiƙayi. Veta ba za ta tuna ba, Titu kuwa ba ya iya cewa a'a. Ki hana su."

"Ai kai ma za ka gaya musu."

Ya kalle ta, kallon da yake mata tana ƙarama idan ta yi ƙaryar da ba ta iya ba.

"Ki dai hana su," in ji shi.

Ta ce to. Wani ya miƙo mata manjagara, ta ajiye wayar ofis a kan bokiti, ta shiga layi a bayan Gwaggo Veta ta fara ja.